Garin zinare a yashin rafi: yana biyan wahalarsa kuwa?

Nura Yauri
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gwal da hannunsu. Akwai wani rafi a yankinmu da ke zuba a kogin Kwara. Idan ruwa ya ja baya bayan kaka, duk wanda ya ɗebi yashin gindin duwatsu ya wanke a ƙwarya yakan ga ƙyalli a ƙarƙashin baƙin yashi. Ba tsaki ba ne, gari ne mai laushi ƙwarai. Ni da abokaina biyu muna so mu sayar da wani abu daga shinkafar da muka noma mu sayi injin ban ruwa da tiyo da katako da kafet ɗin da ake shimfiɗa a kansa don ya kama zinare idan yashi da ruwa suka gangara, mu yi ranin bana a wurin maimakon noman rani. Irin wannan garin yana mayar wa mutum kuɗinsa, ko wahala ce kawai?

Sagir Kagara
Wa alaikumus salam. Malam Nura, me kake jira? A Agustan 2020 aka yi ta mamaki oza ɗaya ta zinare ta haye dala 2,000. A Maris ɗin 2025 ta wuce 3,000, a Oktoba ta wuce 4,000. Wace shinkafa ce ta taɓa yin irin wannan tashin? Ku shiga tun wasu ba su riga ku ba.

Baba Mai Gwal
Yarona Nura, kafin in ce komai, ka taɓa tara abin da ka gani ɗin ka ɗora a sikeli? Nawa ya ba ka, kuma daga bokiti nawa na yashi?

Nura Yauri
A'a Baba, ba mu auna ba. Amma kusan kowace ƙwarya sai an ga ƙyallin.

Baba Mai Gwal
To ba ka da abin da za ka yanke shawara a kansa tukuna. Na tsufa a wannan sana'a, daga Birnin Gwari har gefen Minna, kuma abin da ya fi cinye jarin mutane shi ne wannan kalmar, "ana gani a kowace ƙwarya". Ido yana ganin gari tun bai kai komai ba. Na ga wanda ya sayar da shanun noma a kan ƙyallin da, da aka tara na mako guda, bai kai nauyin tsinken ashana biyu ba. Sannan ba duk mai ƙyalli ne zinare ba. Akwai wani ɓawon dutse mai walƙiya da ke yawo a saman ruwa idan ka girgiza ƙwarya. Ka danna shi da allura: in ya farfashe, ba shi ba ne. Zinare lanƙwashewa yake ko ya baje, kuma launinsa ɗaya ne a rana da inuwa.

Injiniya Bashir
Abin da Baba ya faɗa, bari in sa masa lissafi, domin nan ne duk maganar take.

Oza ɗaya giram 31.1 ce. A farashin dala 4,000, giram ɗaya ya kama kusan dala 128. Idan muka ɗauki dala a naira 1,500, giram na tataccen zinare ya kusa naira 190,000. Wannan shi ne abin da Sagir yake gani, kuma gaskiya ne.

Ga abin da ba ya gani. Ƙwayar zinare mai faɗin kashi ɗaya cikin goma na milimita, wadda ido ke iya hangowa a kan baƙin yashi, sai ka tara kusan 100,000 kafin ka sami giram ɗaya. In kuwa falle-falle ce, ba dunƙulalliya ba, adadin ya fi haka.

Yanzu a ce tan ɗaya na yashin rafinku yana ɗauke da giram 0.2. A ce ku uku da shebur da inji kuna iya zuba tan 5 a yini, wanda aiki ne mai karya baya. Giram ɗaya ke nan ya bi ta kan katakonku. A ce kafet ya kama rabi, domin gari yakan bi ruwa ya wuce. Saura giram 0.5. Mai saye zai cire nasa saboda datti da azurfar da ke ciki da ribarsa, a ce ya biya ku kuɗin giram 0.4. Naira 76,000 ke nan a yini. Cire fetur da abinci da hakkin mai fili, ku raba uku. Wannan ya fi aikin lebura nesa ba kusa ba.

To a ce kuma yashin giram 0.05 ne a tan. Aiki ɗaya, fetur ɗaya, gajiya ɗaya, abin da zai shigo naira 19,000. Fetur da abinci sun cinye, babu wanda zai koma gida da ko sisi. Abin da nake so Nura ya lura da shi: ko a wannan yashin mara riba, ƙwarya mai cin kilo 5 za ta nuna maka ƙwayoyi kusan 25 suna ƙyalli. Wato da rafin arziki da rafin asara, duka biyun "ana gani a kowace ƙwarya". Sikeli kaɗai ke raba su.

Waɗannan alƙaluman na misali ne, ban san rafinku ba. Amma don ku kwatanta, ma'adinar Segilola da ke jihar Osun, wadda ta fara fitar da zinare a 2021, dutsenta kusan giram 4 ne a tan, kuma injinansu na tsamo sama da kashi 90 cikin 100 na abin da ke ciki.

Sagir Kagara
Injiniya, lissafinka na biro ne. Ka yi wa noman rani irinsa mu gani. Taki ya yi tsada, fetur ɗin ban ruwa shi ma sai an saya, ka jira wata huɗu, tsuntsu ya ci nasa, ranar da ka kai kasuwa a ce farashi ya karye. Manoma nawa ne suka yi kuka a 2025 kuɗin taki bai fito ba? Gwal kuwa yau ka samu, yau za ka riƙe kuɗinka. Ba ya ruɓewa, ƙwaro ba ya ci, ba ka neman mota ta kai shi kasuwa, mai saye ne ke biyo ka har bakin rafi. A unguwarmu akwai matan da suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki da ƙwarya da faranti kawai, ba inji ba komai. Su za ka ce wa ba ya biya?

Injiniya Bashir
Ban ce ba ya biya ba, ɗan'uwa. Matan da ka ambata hujjata ce, ba taka ba. Ba su zuba jari ba. Ƙwarya tasu ce, ƙarfinsu ne, ranar da ba su samu ba wuni kawai suka rasa. Nura kuwa abincin gidansa zai sayar ya sayi inji. Da zarar inji ya shigo, kowace safiya da bashin fetur kake tashi.

Baba Mai Gwal
Sagir yana da gaskiya a wuri ɗaya: kuɗin hannu. Shi ya sa mutane ba sa iya bari. Amma wannan kuɗin na kullum shi ke hana mutum ganin asararsa. Yau ka sami dubu goma ka ji daɗi, ka manta jiya da shekaranjiya ba ka sami komai ba kuma ka ci abinci bashi. Wanda ba ya rubutawa, ranar samu kawai yake tunawa.

Nura, ga yadda ake gwaji. Kada ka ɗebi inda ka riga ka san ya fi ƙyalli. Ka haƙa ramuka a wurare daban-daban, a cikin kwanar rafi, a bayan manyan duwatsu, a tsakiya, a tudun gefe inda tsohon ruwa ya bi. Kowane rami ka kai har falalen dutse ko yumɓu mai tauri, don zinare ya fi yashi nauyi kusan sau bakwai, kullum ƙasa yake nema. Ka ƙirga bokiti, ka wanke a natse, na kowane rami ka ajiye daban a kwalba. Ka nemi ƙaramin sikelin lantarki mai nuna giram 0.01. Sannan ka duba kaurin shimfiɗar da ke da zinaren. Sau da yawa ba ta wuce taƙin hannu ɗaya ba, kuma sai ka kwashe yashin banza mai tsawon mutum kafin ka iso ta. Wannan kwasar babu mai biyanka. Ga kuma abin da matasa ba sa so su ji: garin da ambaliya ta ajiye a sama siririn abu ne. Ku uku da inji za ku share shi cikin ɗan lokaci, sai kuma wata damina.

Maman Khalifa
Ina karanta lissafinku, ban ga inda aka sa kuɗin asibiti ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce. A 2010 a Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara aƙalla 400 gubar dalma ta kashe. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma, Bagega. Iyayensu ba mugaye ba ne, lissafin Sagir suka yi: farashi ya tashi, ga dutse a bayan gari. Suka kawo shi cikin gida, mata na daka a turmi, ana niƙa a injin da ake niƙa hatsi, yara na rarrafe a cikin ƙurar suna kai hannu baki. Sai zazzaɓi, sai amai, sai farfaɗiya. Da farko cizon sauro da sanƙarau aka ɗauka, har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano abin da ke faruwa. Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Waɗanda suka rayu, da yawansu dalma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, kuma wannan ba ya warkewa.

Lawali Anka
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ni ɗan yankin ne. Akwai gidan da ya binne yara uku a damina ɗaya. Har yau idan na ga an shigo da buhun dutse cikin gari gabana faɗuwa yake. Allah ya jiƙansu.

Nura Yauri
Amin. Amma Hajiya, mu yashin rafi ne, ba dutse za mu niƙa ba.

Injiniya Bashir
Nura yana da hujja a nan. Dalmar Zamfara daga jijiyar dutsen ta fito, inda zinare da ma'adinin dalma suke haɗe, kuma niƙa shi a bushe ne ya mayar da shi ƙura. Wankin yashi a jiƙe ba ya tayar da irin wannan ƙurar. Haɗarin mai wankin gari wani ne daban: zaiba, ruwan ƙarfen nan mai kama da narkakkiyar azurfa.

Dalili kuwa, gari ba ya tsintuwa da hannu. Bayan ka wanke kafet za ka sami baƙin yashi mai nauyi da zinaren a cakuɗe. Hanya mafi sauƙi ita ce a zuba zaiba, ta haɗiye zinaren, a matse a ƙyalle, a ƙona dunƙulen. Zaiba tana tafasa a digiri 357, zinare sai ya kai 1,064 yake narkewa, don haka ita ta tashi shi ya zauna. Ina ta tafi? Huhun mai ƙonawa, da bangon ɗaki, da tufafi. Wadda ta zube a ruwa kuma ta shiga kifi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna ƙananan masu haƙar zinare ne ke sakin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaibar da ɗan Adam ke watsawa a iska. Yarjejeniyar ƙasashen duniya kan zaiba ta Minamata ta 2013 saboda irin wannan aka yi ta, Najeriya ma tana ciki. Kuma Yauri garin kifi ne, Nura. Abin da kuka zubar a rafin nan, a kasuwarku za a sayar muku da shi.

Maman Khalifa
Na yarda da bambancin, Injiniya, amma ina da ƙari. Zaiba ba ta da wari, hayaƙinta ba ya ganuwa, mutum zai yi shekaru yana cewa lafiyarsa ƙalau. Sai rawar hannu ta fara, da mantuwa, da saurin fushi, da ciwon ƙoda. Mai ciki kuwa har abin da ke cikinta take kaiwa. Sannan daga rafi zuwa dutse ba nisa. Ranar da garin rafi ya ƙare, ga inji an saya, ga bashi, wa zai ce a koma gida? Za a bi rafin sama a nemo jijiyar, a fara fasa dutse, a fara kawowa gida da dare don kada a sace. Ƙanena Nura, in ma za ku yi, ku yi wa iyalinku alƙawari uku: ba dutse ko yashi a cikin gida, ba ƙona zaiba a ɗaki ko a murhun girki, kayan aiki kuma a cire su a yi wanka kafin a ɗauki yaro.

Ilu Maraɗi
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar mun ga wannan zazzaɓin iri-iri. A 2014 aka sami zinariya a Jado, can cikin jihar Agadas, sai kuma Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya. Samari suka watse daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, wasu gona suka jinginar suka yi kuɗin mota. Can ma ba gari ba ne, dunƙule ake tsinta da na'urar gano ƙarfe, kuma wasu sun samu ƙwarai, ba ƙarya. Amma ka tambayi duk wanda ya je wa ya tabbata da kuɗi. Mai sayar da ruwa, mai Hilux, mai hayar na'ura, mai tuwo. Su kullum sai an biya su, ko an samu ko ba a samu ba. A 2017 gwamnati ta rufe Jado, mutane suka dawo, wasu da jikkunan bashi a kai. Sai ga ta kusa da gida, a Ɗan Isa, nan bakin iyaka da Jibiya. A Nuwamban 2021 rami ya rufta a Garin Liman, mutum 18 suka rasu. Idan mai neman dunƙule haka ya ƙare, mai neman gari ya yi lissafi sau biyu.

Sagir Kagara
Malam Ilu, ai ka ba mu amsa. In mai inji ne ke ci, to Nura ya sayi inji ya zama mai injin.

Ilu Maraɗi
Mai injin da ke ba da haya ga mutum ashirin daban yake da mai injin da ya ɗora shi a rami ɗaya nasa. Na farko kasadar wasu yake ci, na biyu tasa yake ɗauka.

Alhaji Mai Sikeli
Tunda an ambaci masu saye, bari in yi magana, don kullum mu ake zagi. Ba ma biyan farashin Landan, wato na kasuwar duniya, saboda abin da ake kawo mana ba tatacce ba ne. Zinaren rafi yana da azurfa a jikinsa. Wanda aka ƙona da zaiba yakan zo da sauranta a ciki, sai na sake ƙonawa nauyi ya ragu. Ni ma wani zan kai wa a Kano ko Legas, shi kuma ya kai Dubai, kowa da ɗan abin da zai ci. Ga haɗarin hanya da kuɗi a jiki. Akwai macuta a cikinmu, ban musa ba. Akwai mai taɓa sikeli, akwai mai ba ka bashin abinci da zaiba da sharaɗin shi kaɗai za ka sayar wa, a farashin da ya ga dama. Maganinsu shi ne ka riƙe naka sikelin, ka duba farashin ranar a wayarka, kuma kada ka ci bashin mai saye. Mai kawo giram 0.1 kullum ba shi da bakin ciniki. Ku tara ya yi auki, ku kai gari inda masu saye suka fi ɗaya.

Baba Mai Gwal
Alhaji, ka faɗi rabi. Faɗa musu abin da kuke yi da ragowar wanki.

Alhaji Mai Sikeli
Ba abin ɓoyewa ba ne, Baba. Muna sayen ragowar da aka wanke aka zubar, musamman ta dutsen da aka niƙa, tifa-tifa. Masu tankuna suna jiƙa ta da sinadarin sayanayid su tsamo abin da ya rage. Da mun bar ta, ruwan sama ne zai tafi da ita.

Baba Mai Gwal
To kun ji. Wannan ita ce amsar tambayar Nura, in da mai saurare. Garin zinare yana da riba, amma ribar tana wajen wanda ke da kayan kama shi. Talaka ya haƙa, ya ɗauko, ya niƙa, ya wanke, ya kama manyan ƙwayoyi, ya bar mafi yawan garin a cikin tulin da zai sayar a kuɗin yashin gini. Wanda ya saya bai taɓa diga ba. Mutumin da zai turo tifa daga wani gari ya biya direba da mai, ba don tausayinka ya zo ba, ya san abin da ke ciki. Na daɗe ina gaya wa yara, tulin nan shi ne asusunku, kada ku sayar sai kun kai samfuri an auna. Ba sa ji, saboda kuɗin yau.

Alhaji Mai Sikeli
Baba, tankin nan miliyoyi ne, kuma wani tulin asara muke yi a kansa. Kasada ce mu ma.

Injiniya Bashir
Kuma kada wani ya karanta wannan ya ce zai haɗa tankin sayanayid a bayan gidansa. Guba ce mai kashewa nan take, ta kashe mutum ta kashe dabbar da ta sha ruwan. In aka zuba ta a kan ragowar da ke da zaiba, tana narkar da zaibar ta ƙara mata saurin shiga ruwa. Abin da ƙaramin mai wanki zai iya shi ne ya rage abin da ke tsere masa tun farko. A tace yashi da raga kafin ya hau katako, don manyan tsakuwa suna tayar da ruwa su kore gari. A murje yumɓu sosai, dunƙulensa yana naɗe zinare ya gangara da shi. Ruwa ya riƙa gudu a shimfiɗe, kada a sake shi da ƙarfi. A riƙa wanke kafet akai-akai, in ya cika da baƙin yashi ba ya kama komai. Maiƙo ko man inji kada ya taɓa ruwan, yana sa falle-fallen zinare su yi iyo, ɗigon sabulu a ruwan tacewar ƙarshe yana nutsar da su. Baƙin yashin kuma a shanya shi, a sa maganaɗisu a cikin leda a janye mai ƙarfen.

Ɗanladi Kumasi
Gaisuwa daga Zango, nan Ghana. Ku zo ku ga kogin Pra da Offin da Ankobra, ruwan ya koma kalar kunu saboda galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba. Su ma da faranti aka fara, sai injin haƙar zinare da ake kira canfan, sai katafila. Gonakin koko da yawa sun zama ramuka. A 2025 gwamnati ta kafa hukumar GoldBod don ita ce za ta riƙa sayen zinaren ƙananan masu haƙa. Kuɗi na shigowa ƙasa, amma mutanen ƙauyukan bakin kogin ruwan leda suke saya su sha. Ku tambayi masu shayar da shanu da masu lambu a ƙasan rafinku kafin ku kunna inji.

Barista Hadiza
Akwai kuma doka. A tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007, duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko da gonar ta gadonka ce. Izinin mai gari ko mai fili yana hana rigima, amma ba lasisi ba ne. Hanyar da aka tanadar wa ƙananan masu haƙa ita ce su yi rajistar ƙungiyar haɗin gwiwa, su nemi izinin ƙaramar haƙa daga ofishin rajistar ma'adinai. Ku fara bincika ko wani kamfani bai riga ya karɓi takardar wurin ba, hakan na faruwa ba tare da mutanen gari sun sani ba. Tun Maris ɗin 2024 akwai dakarun tsaron ma'adinai daga jami'an Sibil Difens, suna kama mutane suna kwace injina. Kebbi tana cikin jihohin da aka fara shirin PAGMI na gwamnatin tarayya don bunƙasa ƙananan masu haƙar zinare, wanda a Yulin 2020 ya kai wa Shugaba Buhari sandar zinare mai kilo 12.5, Babban Banki ya saya a naira miliyan 268. Ku je ma'aikatar da ke kula da ma'adinai a Birnin Kebbi ku tambayi ƙungiyoyin da ke da rajista a yankinku. Shiga wadda ke akwai ya fi sauƙi a kan kafa sabuwa.

Lawali Anka
A ƙara da tsaro. Mu an hana haƙa a Zamfara a Afrilun 2019, ba a ɗage ba sai Disambar 2024. Duk inda labarin gwal ya fita, baƙi za su cika wurin, masu bindiga su biyo baya su ɗora haraji. Nura, ko gwajin naka ya yi kyau, ka iya bakinka.

Ustaz Kabiru
Wanda Allah ya ba shi kada ya manta hakkin da ke kai. A wajen malamanmu na Malikiyya, zinaren da aka haƙo da wahala ana fitar masa da zakka, ɗaya cikin arba'in, da zarar abin da aka samu daga aiki mai ɗorewa ya kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85, ba sai shekara ta zagayo ba. Dunƙulen da aka tsinta tsarkakakke ba tare da wata wahala ba, shi ɗaya cikin biyar ne. Sannan ɓata wa jama'a ruwan sha cutarwa ce, riba ba ta halatta ta.

Nura Yauri
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na yi magana da abokan nawa. Shinkafa tana nan ba za mu taɓa ba. Za mu yi gwajin da Baba ya ce da ƙwarya da bokiti, in sikeli ya nuna abin kirki mu ɗauki hayar inji tukuna. Abin da ya rage mini: in ba zaiba, da me za mu raba garin da baƙin yashi?

Sagir Kagara
Ni dai har yanzu ina ganin kuna tsorata shi. Amma gwajin ba laifi.

Injiniya Bashir
Da haƙuri da wuta. Ka yi ta tacewa a faranti har abin da ya rage ya zama ɗan kaɗan, zinaren ya rinjayi yashin. Sai a haɗa da boraks, farin garin nan da maƙeran zinare ke amfani da shi, a zuba a ƙaramar tukunyar yumɓu mai jure wuta, a hura gawayi da zugazugi ko a sa wutar gas. Boraks yana narkar da dattin ya tashi sama, zinaren ya dunƙule a ƙasa. Masu haƙa a Benguet ta ƙasar Filifin sun daɗe suna yin haka. Sharaɗinsa ɗaya: in tacewar ba ta yi kyau ba, yashi ya yi yawa, ba zai yi ba. Shi ya sa ba a yinsa kullum, sai an tara.

Baba Mai Gwal
Kuma karon farko kada ka ƙona da kanka. Ka ɗauki kwalbarka ka je wajen maƙerin zinare a kasuwa, ka biya shi ladansa, ka tsaya a kansa ka ga yawan boraks ɗin da yake zubawa da yadda launin wutar yake kafin ya sauke. Ka auna kafin a narka, ka auna bayan an narka, ka rubuta duka biyun. Baƙin yashin da ya rage kuma ka zuba a buhu ka ajiye a wurin aiki, kada ka kai gida, kada ka zubar.